Edita, a daina yi wa magungunan tazarar haihuwa kuɗin goro kan maganar ƙiba

Assalamu alaikum Edita, barka da ƙoƙari, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida taka mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato maganar magungunan tazarar haihuwa masu sinadarin homon, ƙwaya da allura da ashanar da ake sakawa a dantse da robar mahaifa, da wannan tsoro da mata ke yi wai suna sa ƙiba.

Abinda nake gani shine mutane sun rabu gida biyu kuma duka gidajen basa faɗin maganar yadda take. Na farko 'yan uwana mata ne, in an zauna hira sai kaji ana cewa ai duk wadda ta fara tsarin iyali sai ta buɗe, sai ta yi teɓa, wance ma kin ganta yanzu ko ƙofa da ƙyar take shiga. Na biyun kuma wasu daga cikin ma'aikatan lafiya ne, mace zata zo da damuwarta tace kayanta duk sun matse ta tunda ta fara allura, sai a kalle ta sama da ƙasa ace ke dai baiwar Allah cin ki ne yayi yawa, magani babu ruwansa. Toh wallahi ni na fi jin haushin na biyun, domin su ne suka yi karatun abin, kuma daga ranar da aka gwale mace haka bata ƙara dawowa, sai dai ta daina maganin a ɓoye.

Ƙwaya dai sunanta ya ɓaci tun asali kuma da dalili. Ta farko da aka amince da ita a Amurka a 1960, mai suna Enovid, homon ɗin da ake kira istirojin da ke cikinta ya kai maikirogiram 150, na yanzu kuwa yawanci 20 ne zuwa 35, kaga ai ba kusa ba. Shi istirojin yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, shi yasa wasu matan in suka fara ƙwaya suke jin kumburi, ƙirji yayi nauyi, zobe ya matse yatsa, amma wannan ruwa ne ba kitse ba kuma yawanci cikin wata biyu zuwa uku jiki ya saba abin ya lafa. A 2014 masanan ƙungiyar Cochrane, masu tattara binciken likitoci su tace shi, sun duba gwaje-gwaje 49 kan ƙwaya mai homon biyu da 'yan uwanta irin filastar da ake mannawa a fata, basu ga shaidar cewa tana kawo wata ƙiba ta a zo a gani ba. Gaskiya dai huɗu ne kawai a cikin gwaje-gwajen suka kwatanta masu shan maganin da waɗanda aka ba ƙwayar bogi ko basu sha komai ba, don haka bazan ce an rufe babin ba, amma da ace ƙwaya tana kumbura mata yadda ake yayatawa da tuni an gani, shekara sittin da wani abu kenan miliyoyin mata suna sha.

Allura kuwa daban ce, anan ne nake so masu cewa babu komai su saurara. Depo-Provera, wadda ake yi duk bayan wata uku, miligiram 150 na sinadarin medroxyprogesterone, ita kam kamfanin da ke yinta da kansa ya rubuta a takardar cikin kwali cewa matan da aka bibiya sun ƙara kusan kilo 2 da rabi a shekarar farko, sama da kilo 3 da rabi a shekara biyu, wajen kilo 6 a shekara huɗu. Ba jita-jitar mata bace, rubuce yake, sai dai wa yake buɗe takardar nan mai ƙananan rubutu ya karanta, ita da aka yi wa allurar ma ko kwalin bata gani.

Akwai kuma babban binciken nan da ake kira ECHO wanda sakamakonsa ya fito a 2019, mata sama da 7,800 a Afirka ta Kudu da Kenya da Zambiya da Eswatini, aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a, wasu allurar Depo, wasu ashana, wasu robar mahaifa ta jan ƙarfe wadda babu homon a cikinta sam. Asalin abinda ake nema shine ko allura tana ƙara haɗarin kamuwa da cutar ƙanjamau, amma an riƙa auna nauyinsu, da aka zo aka duba bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai aka ga masu allura sun ƙara kilo 3.5 a matsakaici, masu ashana 2.4, masu robar jan ƙarfe 1.5. Ni wannan lissafin ya fi min kowane bayani, domin ya taɓa kowa. Na farko allura ta fi sauran, babu musu. Na biyu kuma har matan da babu ɗigon homon a jikinsu sun ƙara kilo ɗaya da rabi, kenan shekaru da zaman rayuwa su ma suna nasu aikin, da ace waɗannan matan ƙwaya suke sha da tuni sun ɗora mata laifin.

Kuma shi matsakaicin lissafi yana da ɓoye abu Edita. In ance kilo 3 ba wai kowace mace ta ƙara 3 bane, wata bata ƙara komai ba, wata ma ramewa tayi, wata kuma ta ƙara 10, ita ce ake gani a nuna da baki ace kin ga aikin allura. Wani bincike da aka yi a jihar Texas ta Amurka ya fito a 2009 ya nuna kusan mace ɗaya cikin huɗu masu allura tana ƙara fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta a wata shida na farko, kuma waɗannan ɗin su ne suke ci gaba da hauhawa, sauran kuwa ƙarin nasu bai taka kara ya karya ba. Ma'ana in kina kilo 60 kika fara, wata shida ya cika kika ga kin haura 63, to jikinki ya riga ya baki labari, zama zakiyi da likita ko ungozoma a duba ko a canza miki wata hanyar tun abin bai yi nisa ba. Kuma a masu allura abinda ke ƙaruwa yawanci kitse ne, ba ruwan da zai tafi da kansa ba.

Yadda abin ke faruwa shine wannan sinadari na allurar yana buɗe wa wasu ciki, yunwa ta riƙa zuwa ba lokacinta ba, ki ci ki ƙoshi bayan awa ɗaya ki ji kamar baki sa komai a baki ba, har cikin dare. Yana da ɗan'uwa ma mai suna megestrol wanda likitoci ke ba masu ciwon daji da suka rame don dai su samu su ci abinci. Toh kinga nas ɗin da tace cin ki ne yayi yawa ba ƙarya tayi ba, rabin maganar ta faɗa ta haɗiye rabi, eh tana ci, amma me ya buɗe cikin? Da an gaya wa mace tun ranar farko cewa wannan allurar tana iya sa miki yunwa, ki kula da kayan zaƙi da maiƙo da ciye-ciyen dare, ki riƙa motsa jiki, ai da ta shirya.

Wani abun da ya kamata a sani kafin a miƙa hannu, ƙwaya in bata karɓe ki ba kina iya ajiyewa, ashana da roba ana cirewa, allura kuwa in ta shiga ta shiga sai ta gama makonninta 13, kuma bayan an daina ma samun ciki kan ɗauki kamar wata goma daga allurar ƙarshe, wasu har shekara, ba wai ta hana haihuwa bane, jinkiri ne kawai. Ita ma ƙaramar nan Sayana Press da ake yi ƙarƙashin fata, miligiram 104, sinadari ɗaya ne da Depo, kar a ɗauka don ƙarama ce maganar nauyi bata shafe ta ba.

Ashana, Implanon mai shekara uku ko Jadelle mai shekara biyar, tana tsaka-tsaki, wasu na ɗan ƙarawa, amma ita babban ƙorafinta rikicewar al'ada ne. Robar mahaifa mai homon irin Mirena aikinta a cikin mahaifa yake, kaɗan ne ke shiga jini.

Sai masu cewa ai su ramewa suka yi, da masu neman maganin don su rame. Babu wani maganin tazarar haihuwa da aka yi don rage ƙiba, ko ɗaya. Akwai ƙwayoyi irin Yasmin masu sinadarin drospirenone da ke sa jiki ya fitar da ruwa ta fitsari, mace sai ta ji ta saki, sikeli ya ɗan sauka, amma ruwa ne ya fita kitse yana nan inda yake, kuma irin waɗannan haɗarin daskarewar jini a jijiya ya ɗan fi na tsofaffin ƙwayoyi. Wata kuma tashin zuciya ne ke hana ta ci a watannin farko. In dai rama ta ci gaba babu dalili to kar a tsaya zargin ƙwaya, a je a gwada suga, a duba ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, a duba tarin fuka. Haka ma ƙibar da ta zo farat ɗaya da kumburin ƙafa ko fuska, a auna hawan jini, a yi gwajin ciki ma, tunda allura kan ɗauke al'ada mace na iya makara da zuwa allurar gaba ciki ya shiga bata sani ba tana ta cewa magani ne ya sa mata tumbi.

Akwai kuma waɗanda su ƙibar suke so, har suna zuwa ayi musu allura don su ciko. Haba jama'a. Allurar nan tana rage ƙarfin ƙashi in aka daɗe ana yi, tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi na musamman a kwalinta kan haka, duk da yawanci ƙashin na farfaɗowa bayan an daina. Wadda ke buƙatar tazara ta auna amfanin da illar ta zaɓa, wannan daidai ne, amma ki ɗauki wannan kasadar don kawai kumatu su fito, kuma babu ma tabbas a inda kike so kitsen zai zauna, sau da yawa a ciki yake taruwa.

Mu kuma duba lokacin da yawancin mata ke fara waɗannan magunguna, bayan haihuwa ne, jiki bai gama komawa ba, ga shayarwa ga yunwarta, ga rashin barci, ga zaman wuri ɗaya da jariri, ko kuma sabon aure da hankali ya kwanta. Duk waɗannan kowannensu shi kaɗai ya isa ya ƙara nauyi. Su ma mazan da ke fara gunaguni wai ta canza, Allah ya sa suna duba nasu tumbin a madubi, su da ba a taɓa yi musu allurar komai ba. Abinda yake bani tsoro shine macen da zata daina magani shiru saboda kilo biyu, bata koma wata hanya ba, wata uku sai ga ciki a kan yaro ɗan wata takwas, alhali shi cikin kansa mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu, banda wahalar kunika ga ita da yaran.

Nauyin mace ma yana da ruwa da tsaki wajen zaɓen maganin tun farko. Mai ƙiba sosai, musamman in ta haura shekara 35 ko tana shan sigari ko tana da hawan jini ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ƙwaya mai istirojin na iya zame mata haɗari saboda gudan jini da shanyewar ɓarin jiki, filasta kuma ƙarfinta kan ragu in mace ta wuce kilo 90, ƙwayar gaggawa ta levonorgestrel, wadda ake sha bayan saduwa don hana ɗaukar ciki, ita ma likitocin Ingila sun ce daga kilo 70 zuwa sama aikinta na iya raguwa. Shi yasa sayen ƙwaya a kemis don ƙawarki tace ta karɓe ta ba dabara bace.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya, kuma abu ne da baya cin kuɗi, duk macen da zata fara, a ɗora ta a sikeli ranar farko a rubuta a katinta ta gani da idonta, a auna hawan jininta, in allura ce a sake aunawa ranar allura ta biyu da ta uku, a lokacin wata shida ya cika, in ta haura kashi biyar ɗin nan a gaya mata gaskiya a jera mata sauran hanyoyin har da robar jan ƙarfe da ke kai shekara goma babu homon, duk da ita kuma tana iya ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, ta zaɓa da kanta. Kai kuma Edita don Allah ku samo likitar mata ku ware mata shafi ko sau ɗaya a wata, mata su turo tambayoyinsu ba sai sun sa suna ba, domin da yawa kunya ce ke hana su tambaya a asibiti gaban layin mutane.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Wata mai karanta ku a kullum