Amsa ga Ƙanena Kan Yadda Aka Rufe Labarin Kiryu

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar da muka taru a shagon da muke buga wasannin bidiyo, ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambayar da ban ba ka amsarta yadda ya kamata ba, saboda hayaniya ta yi yawa, ni kuma raina bai kwanta ba. Cewa ka yi: Yaya, kai ne ka shafe shekaru kana yabon jerin wasannin Yakuza har ka ja mu ciki, to me ya sa yanzu kake cewa ƙarshen labarin Kazuma Kiryu ya ba ka haushi, alhali mutumin ya sadaukar da kansa ne domin iyalinsa kamar yadda ya saba? Ka ƙara da cewa wataƙila irin ƙarshen tatsuniya nake so, inda kowa zai zauna lafiya a ci a sha. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa, kuma duk wanda bai kai ƙarshen waɗannan wasanni ba ya dakata a nan, domin zan tona komai.

Bari in fara da zargin da ka yi mini, don shi ne mafi sauƙin kawarwa. Ban taɓa sa ran Kiryu zai tsufa a kan tabarma yana shan iska ba. Mutumin da ya ɗauki laifin kisan da amininsa Nishikiyama ya aikata a 1995, ya shiga kurkuku yana ɗan shekara 27 ya fito yana da 37, ya tarar an sace yen biliyan 10 daga asusun Tojo, ƙungiyarsu ta yakuza, wato 'yan dabar Japan, sannan kafin wasan farko ya ƙare ya rasa amininsa, ya rasa Yumi da yake so, ya rasa Kazama da ya raine shi, ba irin wanda marubuci zai sallama da farin ciki tsantsa ba ne. Da a ce harsashin da Sugai, ɗaya daga cikin abokan gabarsa, ya harba a ƙarshen Yakuza 6 ya yi ajalinsa, da na yi baƙin ciki, amma da ban rubuta wannan wasiƙa ba. Ya tare harbin ne da jikinsa domin Haruka, yarinyar da ya raina, da jaririnta Haruto, kuma mutuwa irin wannan ta dace da shi ta kowace fuska.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne abin da ya biyo baya a ɗakin asibiti. Wakilin mutanen Daidoji, ɗan siyasar da aka bankaɗo asirinsa, ya zo da kuɗin toshiyar baki, Kiryu ya ƙi karɓa, ya ce a maimakon haka a saki Daigo Dojima, shugaban ƙungiyar Tojo, daga tsare, a kuma rubuta masa takardar shaidar mutuwa, ya ɓace daga duniya. Date, tsohon abokinsa ɗan sanda, shi kaɗai ya san gaskiya a cikin na kusa da shi. Kai ka kira wannan sadaukarwa. Ni kuwa da na gani, abin da ya faɗo mini a rai shi ne cewa wannan ne karo na uku da Kiryu ya sha magani iri ɗaya, bayan labarin da kansa ya nuna mana sau biyu a jere cewa maganin ba ya warkar da cutar, ƙara ta ma yake yi.

Ka tuna Yakuza 5 na 2012. An shawo kansa ya bar gidan marayun da yake riƙe da shi a Okinawa domin kada tarihinsa ya zama cikas ga Haruka a harkar waƙa, ya tafi Fukuoka ya koma direban tasi da sunan aro, Taichi Suzuki. Me ya biyo baya? Haruka ta tsaya a kan dandamali a daren da burinta ya cika, ta faɗa wa dubban mutane cewa tsohon ɗan yakuza ne ya raine ta kuma shi ne danginta, ta ajiye waƙar, ta fita a guje ta same shi kwance cikin ƙanƙara yana zubar da jini. Yarinya ba za ta iya yin magana da ta fi wannan fitowa fili ba: ba ta son suna da ɗaukaka idan farashinsu rabuwa da shi ne. Sai ga shi a farkon Yakuza 6 ya amince a kai shi kurkuku na shekara uku, wai don ya wanke kansa ya dawo wa yaran da suna mai tsabta. A cikin waɗannan shekaru uku ne 'yan jarida da masu tsegumi a intanet suka matsa wa Haruka har ta bar gidan, ta ɓace, ta haihu ba tare da kowa nata a kusa ba, mota ta buge ta a unguwar Kamurocho ta Tokyo ta kwanta ba ta san inda kanta yake ba. Duk wata masifa da ke cikin wannan wasa ta samo asali ne daga rashin Kiryu a gida. Gudun gara ne ya kai su gidan zago, har sau biyu, sannan aka ce mana mu tafa don ya sake gudu a karo na uku, wannan karon ba dawowa.

Na san abin da za ka ce, cewa hali zanen dutse ne, kuma Kiryu mutum ne mai taurin kai wanda bai iya komai ba sai ɗaukar kaya shi kaɗai. Na yarda, har ma ina ganin da an rubuta ƙarshen a matsayin kuskuren mutumin da ya kasa sauya halinsa, da ya zama abin tausayi mai nauyi. Amma ba haka aka gabatar da shi ba. An sa kiɗa mai sanyi, an nuna Haruto yana koyon tafiya a harabar gidan marayu, yara sun zagaye shi suna ƙarfafa masa gwiwa, Kiryu yana leƙe daga nesa, sannan ya juya ya kama hanya, kuma duk tsarin wannan fitowa yana nuna cewa marubutan suna ganin ya yi daidai. Babu wanda ya tambayi Haruka ra'ayinta. Hasali ma ta shafe kusan dukkan wasan a sume a gadon asibiti, yarinyar da muka sani tun tana shekara 9 tana riƙe da hannunsa a titunan Kamurocho, wadda a wasa na biyar mu da kanmu muka sarrafa ta. An mayar da ita dalilin da zai sa maza su yi faɗa kawai.

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin Yakuza 6 wasa ne da ya gina kansa kacokan a kan iyaye maza da 'ya'yansu. Hirose, dattijon garin Onomichi da Takeshi Kitano ya fito a matsayinsa, ya kashe iyayen wasu daga cikin yaransa don kare asirin garin sannan ya riƙe su kamar shi ya haife su, wanda kusan shi ne abin da Kazama ya yi wa Kiryu. Tsuneo Iwami, babban mugun wasan, ya sa an kawar da mahaifinsa don ya gaji kujerarsa. Yuta, mahaifin Haruto, bai ma san ɗan wane ne shi ba sai daga baya. Duk inda ka juya, ɗa ne da uba ya yi wa nisa ko ya ɓoye masa gaskiya, kuma babu ɗaya da ya ƙare lafiya. Bayan an gama jera mana waɗannan misalai, sai maraya da ya girma a gidan marayu, ya kuma san ɗacin abin fiye da kowa, ya zaɓi ya mayar da yara tara marayu a karo na biyu, ya bar su suna kuka a kan kabarin da babu kowa a ciki. Mu da muka taso a gidajen da riƙo ba baƙon abu ba ne mun san cewa wanda ya ɗauki maraya ba ciyarwa da tufatarwa kaɗai ya ɗauka ba, ya ɗauki alkawarin cewa za a same shi idan an neme shi. Wasiƙar ban kwana ɗaya tilo da aka karanta mana ma Daigo aka rubuta wa, yana ba shi haƙuri kan cewa bai tsaya masa a matsayin uba ba, yana kuma roƙonsa kada ya ɗauki fansa. Wasiƙa ce mai kyau, amma mutumin da ya gane wannan kuskure game da Daigo ya aikata irinsa ga Haruka jim kaɗan bayan ya rubuta ta.

Kada ka ɗauka ban ga alherin wasan ba. Onomichi gari ne na gaske a lardin Hiroshima, kuma yadda aka zana tsaunukansa da matattakalansa da bakin ruwansa ya sa na riƙa yawo a ciki ba tare da wani aiki ba. Har yau ina tuna daren da Kiryu ya iso garin da jariri a hannu yana neman madara shaguna duk a rufe, yaron yana tsala kuka, ni kuma ina zaune tsakar dare ina jijjiga abin sarrafa wasan a hannuna don in rarrashe shi, har matata ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya. Wannan ɗan lokaci ya fi mini dukkan labarin jirgin yaƙin da aka ƙera a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka adana a garin, asirin da aka kashe mutane da yawa a kansa, wanda da ya fito daga ruwa na yi dariya maimakon mamaki. Kuma abin da ya ba ni takaici a gefe shi ne an kulle tsofaffin mutanensa Majima da Saejima da Daigo kusan tsawon wasan, aka cika wurinsu da sababbin fuskoki, a wasan da aka tallata mana a matsayin babin ƙarshe na Kiryu. Wanda zai yi ban kwana da gari ai mutanen garin ake tara masa, ba baƙi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haƙura da shekaru. Wasan ya fito a Japan a Disambar 2016, ya iso sauran duniya a Afrilun 2018, kuma na ɗauka an rufe littafi. Sai ga Kiryu a wasan 2020, wanda Ichiban Kasuga ke jagoranta, ya bayyana a matsayin mai gadi a ranar da aka rusa ƙungiyoyin Tojo da Omi, a gaban ɗaruruwan mutanen da suka san fuskarsa. A 2023 aka ba shi wasa nasa na kansa mai suna Like a Dragon Gaiden, ya sa tabarau ya ce sunansa Joryu, kusan duk wanda ya haɗu da shi kuma ya gane shi nan take. Idan mutuwar ƙarya ce garkuwar da ke kare yaran, to garkuwa ce da kowa ke hangen abin da ke bayanta. Kamfanin Sega ya kasa rabuwa da shi, kuma ban ga laifinsu ta fuskar kasuwa ba, amma tufka da warwara irin wannan ta cire wa sadaukarwar da kake magana a kai ɗan nauyin da ya rage mata.

Zan yi adalci in ce ƙarshen Gaiden ya fi duk abin da aka rubuta wa Kiryu ƙarfi. An miƙa masa hoton bidiyo daga kyamarar da aka ɓoye a kabarinsa, Taichi da Ayako, biyu daga cikin yaran gidan marayun, sun lura da ita, suka tsaya suna ba shi labarin yadda kowane yaro ya girma da aikin da yake yi, ko da zai gani, sannan aka nuna masa zanen da Haruto ya yi. Mutumin da muka sani ba ya girgiza ya fashe da kuka har majina, yana cewa ashe shi ne ya fi buƙatarsu. Takaya Kuroda, wanda ke yi masa murya tun 2005, ya yi aikin da ban iya kallonsa da busassun idanu ba. Sai dai ka lura cewa ƙarfin wannan fitowa ya zo ne daga amincewa da abin da nake faɗa maka: shawarar 2016 kuskure ce, kuma marubutan da kansu sun dawo sun yarda.

Shi ya sa na shiga wasan Infinite Wealth na Janairun 2024 da kyakkyawan zato. Kiryu yana fama da ciwon daji, gashinsa ya yi fari, asirinsa ya tonu ga duniya, babu sauran dalilin ɓuya. Date ya riƙa shirya masa hanyoyin ganin tsofaffin mutanensa, yawanci daga nesa ko ta bayan labule. A ƙarshe Haruka da Haruto suka zo asibiti, yaron ya shiga ɗaki ya tarar da gado babu kowa, domin an tura Kiryu a keken marasa lafiya zuwa wurin magani, inda aka tambaye shi sunansa ya amsa da sunansa na gaskiya. Na fahimci ma'anar, ya karɓi sunansa ya kuma zaɓi ya rayu. Amma shekara goma sha takwas da 'yan kai muna biye da mutanen nan biyu, suna cikin gini ɗaya, tsakaninsu bai wuce 'yan taku ba, aka rufe labule ba tare da sun haɗa ido ba. Ba dogon jawabi nake nema ba. Minti biyu sun isa, ta shigo, ta kira shi da sunan da take kiransa tun tana ƙarama, ta faɗa masa abin da shekarun makokin ƙarya suka yi mata, shi kuma ya zauna ya saurara ba tare da ya tashi ya tafi ba.

Ga abin da nake so ka yi kafin mu sake haɗuwa. Ka koma ka kalli minti goma na ƙarshen Yakuza 5, daga lokacin da Haruka ta karɓi makirufo har zuwa inda ta durƙusa a gefensa cikin ƙanƙara, sannan ba tare da ka tashi daga wurin ba ka kalli ƙarshen Yakuza 6. Idan bayan haka har yanzu kana ganin abin da yarinyar nan ta roƙa aka ba ta, ka zo shago ranar Asabar bayan la'asar ka faɗa mini a gaban mutanen da ka yi tambayar a gabansu. Ka taho mini da faifan Yakuza 0 da ka ara tun kafin azumi.

Wassalam,
Yayanka.