Sani, ka ɗage tikitin nan

Assalamu alaikum Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya Alƙahira? Nan Bauchi sai godiya. Hunturu ya fara busawa, leɓe duk ya tsage.

Saƙonka ya iso, na sha dariya. Wai kai ne za ka goya tukunyar iska ka nutsa cikin Bahar Maliya! Kai da a Wikki ma, ruwan nan na Yankari da ake hango ƙasansa, sai da muka riƙe maka hannu. To, Allah Ya tsare. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai: ka ce kwana uku za ku yi kuna nutso a Sharm El Sheikh, ku fito Alhamis da la'asar, da daddare ka hau jirgi. Mutumina, wannan ganganci ne.

Iskar tukunyar nan irin wadda muke shaƙa ce, kashi 78 cikin ɗari nitrojin. Da ka yi ƙasa mita 10, matsin da ke kanka ya ninka na bakin teku, sai nitrojin ɗin ya riƙa narkewa cikin jini da tsoka. In ka fito, ta numfashi yake fita, kuma ba ya sauri. Cikin jirgi kuwa matsin ya ragu, kamar kana kan tsauni mai mita 1,800 zuwa 2,400. Ka san yadda kwalbar lemo ke yi in an ɓalle murfinta da garaje? Haka ragowar nitrojin ɗin ke tashin kumfa a jiki. In kumfar ta tsaya a gaɓa, kafaɗa da gwiwar hannu su ɗau ciwo. In ta taɓa laka, ana iya shanyewa.

Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, tun taronta na 2002 ta ba da ƙa'ida: nutso ɗaya marar tsanani, a jira aƙalla awa 12; nutso da yawa ko na kwanaki a jere, irin naku ke nan, awa 18. Ni dai da ni ne, awa 24 cur zan yi. Kuɗin kwana ɗaya a otal nawa yake?

Kuma na san ka da son ziyara. Dutsen Ɗuri Sina ya kai mita 2,285, hawansa bayan nutso duk kanwar ja ce da hawa jirgi. Ka fara da dutsen, teku ta biyo baya.

In ka ji mutuwar jiki da ba ka saba ba, ko jiri, ko yatsu suna yi maka kamar tafiyar kiyashi, kar ka ce gajiya ce ka nemi Panadol. Ka gaya wa malamin nutsonku nan take a sa maka oksijin, a kai ka asibitin da ke da ɗakin matsin iska, inda ake maganin wannan kumfar.

Jiya na biya gida, Hajiya ta ba ni kilishinka da kuka, ina jiran mai tahowa. Ban gaya mata zancen tekun ba. Kai za ka faɗa da bakinka.

Naka,
Bala