Wayar gidanmu ba ta mutum ɗaya ba ce

Assalamu alaikum Edita,

A ba ni fili in yi magana kan fasahar nan mai gane mutum ta saurin rubutunsa da yadda yake riƙe waya yana shafa fuskarta, ta yadda in kana sayayya a intanet ba sai an turo lambar sirri ba. Wallahi mu a ƙauye za ta taimaka, don sai ka hau tudu neman sabis, kafin lambar ta shigo lokacinta ya wuce. Amma fa waya ɗaya ce a gida, maigida ya danna, uwargida ta danna, yaro ya yi odar takalmi, kar na'ura ta ɗauka ɓarawo ne ta rufe mana asusu. Kuma tunda akwai dokar kare bayanai ta 2023, a nemi izininmu da Hausa kafin a tattara.

Naku,
Mai karatu daga karkarar Ringim, Jigawa