A Leƙo Bayan Kyamara A Ga Halin Da Ma'aikatan Ƙananan Fina-finai Ke Ciki

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana kan wasu bayin Allah da kusan ba a taɓa ambatonsu in ana labarin Kannywood. Kullum aka buɗe shafin nishaɗi wance ta yi aure, wane ya sayi mota, wane da wane sun yi faɗa a TikTok, amma mai ɗaukar sauti da mai haske (mai kula da fitilu) da ɗan kwantiniti (mai lura kada sutura da kayan da ke cikin fim su saɓa) da matar da ke dafa wa lokeshin (wajen ɗaukar fim) abinci babu mai tambayar ya suke kwana. Ni mai riƙe bum ne, ma'ana ɗaukar sauti nake yi, kuma yawancin aikina a ƙananan fina-finai ne irin waɗanda matashi zai sayar da babur ɗinsa ko ya ranto a wajen yayansa ya ce shi ma zai yi siris, wato fim mai dogon zango, ya ɗora a YouTube.

Ya kamata masu karatu su san dalilin da ya sa abin ya koma haka. Tun 1990 da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da fim ɗin bidiyo a Kano, kasuwar kaset ce ta riƙe harkar, daga baya sidi, furodusa ya kai kayansa Ƙofar Wambai ko Bata 'yan kasuwa su saya ya dawo ya sallami kowa. To masu satar fasaha da masu tura fim a waya sun kashe wannan kasuwar murus. Arewa24 ta zo a 2014 ta ɗauki wasu, ragowar kowa ya koma YouTube, ita kuwa ba ta fara biyanka sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, kuma ko ta fara sai kuɗin sun kai dala 100 kafin a turo, ga shi tallan da ake sa wa mai kallo daga Najeriya bai kai kuɗin na mai kallo daga Saudiyya ko Ingila ba. Kenan furodusa yau zai kashe kuɗinsa, ya zauna jiran abin da bai san ranar zuwansa ba. Wa zai ɗauki nauyin wannan jiran? Mu ne na bayan kyamara, domin jarumin da ya yi suna ba ya baro gida sai ya ji alat.

Bari in ɗan kwatanta yadda wuni ɗaya yake. An aro gidan wani a unguwa kyauta ko da ɗan abin goro, an ce a hallara ƙarfe takwas, jaruma ba za ta iso ba sai wajen azahar saboda tana wani lokeshin ɗin, ita ma ba laifinta ba ne neman abinci take. Babu wutar NEPA, an tada janareta, to janareta kuwa shi ne babban abokin gabar mai sauti, sai an ja waya an kai shi can bayan katanga an jingina masa tsohuwar katifa, duk da haka ina jin gurnaninsa a kunne. Darakta ya ce akshin, jarumi ya fara kuka tsakaninsa da Allah, hawaye na zuba, sai mai adaidaita ya danna hon a bakin layi, ko mai tallan ruwa, ko yaran da suka cika kan katanga su fashe da dariya. In na ɗaga hannu na ce a sake sai a bi ni da harara, domin kyamara hayarta aka yi na wuni, fitilun ma haka, man janareta kuwa tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita da lissafi ake zuba ta. Sai ka ji an ce "bar shi kawai a gyara a editin". Ba ya gyaruwa wallahi. Ranar da fim ya fita masu kallo su cika wajen sharhi da cewa sauti bai yi ba, sunana kuma shi ne a rubuce a ƙarshe, in ma an tuna an rubuta.

Shi kuwa ɗan kwantiniti littafi ne a hannunsa yana rubuta wace hula jarumi ya sa, ɗankwalin jaruma ta wane ɓari ta ɗaura, kofin shayi a hannun dama yake ko hagu, saboda sin, wato fitowa, ashirin ake so a ɗauke kafin magariba kuma ba a jere ake ɗauka ba, na kashi na takwas na iya riga na kashi na biyu. Yaron nan shi ne farkon zuwa shi ne ƙarshen tafiya, wani lokacin abin da zai samu kuɗin mota ne da shinkafa da wake a roba. Na taɓa ganin mai haske wuta ta ja shi a kan tsani saboda wayar da aka haɗa da leda, ya faɗo ya gurɗe ƙafa, karo-karo muka yi aka kai shi wajen mai ɗori, washegari wani aka kira aka ci gaba da aiki.

Ba ina cewa furodusoshin nan azzalumai ba ne, da yawansu tare muke cin kwakwar, wani ma ya fi mu shiga uku don shi ke da bashi a wuya, ga kuɗin rajista da na tacewa a hukumar tace fina-finai ta jiha wadda ke aiki tun 2001. Abin da ke damuna shi ne komai da baki ake yinsa, "kai dai zo mu yi in Allah ya kawo za ka ji ni", babu takarda babu shaida, in tasha ta fara kawo kuɗi bayan shekara ba ka da abin nunawa, in ka yi magana a ce ba ka da haƙuri a daina kiranka.

Don haka ina roƙon shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Najeriya, da ƙungiyoyin ma'aikata su fitar da 'yar takardar yarjejeniya ko shafi ɗaya ce, da Hausa, wadda za ta faɗi nawa ne kuɗin wuni, nawa za a bayar kafin a fara, yaushe za a cika, kuma wa zai ɗauki magani in an ji ciwo a bakin aiki. Ku kuma Malam Edita ku turo wakilinku ya wuni da mu a ƙaramin lokeshin tun daga safe har a naɗe waya, ya zanta da mai abinci da mai haske ya rubuta abin da ya gani da idonsa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗaukar sauti, Kano