Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Mawaƙa Maza na Kwalejinmu

Ƙaunatattun 'yan'uwa cikin Almasihu, kwamitin gudanarwa yana gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu, yana kuma gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta aiwatar a shekarar da ta ƙare.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne tattara waƙoƙin bishara da muka rera muna ɗalibai, waɗanda muke yi da baki zalla, murya huɗu, ba ganga ba jita. Kamar yadda kuka sani, da yawa daga cikinsu ba sa cikin Littafin Waƙoƙi, domin kwayamasta, wato jagoran mawaƙa, shi ne yake rubuta solfarsu (alamomin sauti na do, re, mi) da alli a kan allo, kowa ya kwafi layin muryarsa a littafinsa, sannan a yi ta maimaitawa a aji bayan cin abincin dare, ko da cikin sanyin hunturu ne, har sai ta zauna. Da kwamiti ya nemi waɗannan littattafai, 'yan'uwa sun tono su daga ƙasan akwati, wasu gara ta cinye gefensu, wasu tawadar ta dushe. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, kowa yana tuna murya ta ɗaya, masu bas, wato murya mafi kauri, su ma ba su manta tasu ba, amma murya ta uku ta kusa salwanta, saboda tun asali masu riƙe ta kaɗan ne, kuma wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Don haka muka zauna a Jos da dattawan da suka rage, suna rerawa ana ɗauka a waya, wani kuma yana rubuta solfar baiti bayan baiti. Inda tunaninsu ya saɓa a kan yadda wani layi yake sauka, mun ajiye kowace siga, mun bar hukunci ga babban taro.

Mun kuma ziyarci Gindiri, inda zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS ta fara a 1957, muka yi wuni guda da samarin da ke waƙa a can. Muryoyinsu suna da daɗi ƙwarai, amma mun lura cewa sai kibod ya ba su sauti kafin su buɗe baki. Mun nuna musu yadda jagora yake fitar da "do" a hankali, kowane sashe ya nemo sautinsa daga nan, kowa yana sauraron na kusa da shi. Kwamiti ba ya ƙin kayan kiɗa, domin Zabura ta 150 da kanta ta ce a yabi Allah da su. Damuwarmu ita ce, mawaƙin da bai iya riƙe muryarsa ba tare da na'ura ba zai rasa abin yi a majami'ar ƙauye da babu lantarki, ko a bakin kabari, wuraren da aka fi bukatar waƙar ta'aziyya. Muna ganin wannan ziyara ta cancanci ta zama ta kowace shekara.

Ƙungiya ta yi waƙa a jana'izar 'yan'uwanmu da suka rasu, ta kuma kai gaisuwa da ɗan taimako ga matansu da 'ya'yansu. Mun rera waƙoƙin Kirsimeti a sujada a Jos, amma haɗuwar Ista da aka shirya a Kaduna ba ta yiwu ba, saboda tsadar kuɗin mota da ta addabi kowa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Ma'aji zai kawo cikakken lissafin kuɗi a takarda dabam, sai dai wajibi ne mu sanar da ku cewa biyan kuɗin wata ya ja baya, kuma da shi ne muke sa ran buga waƙoƙin da aka tattara a ƙaramin littafi a shekara mai zuwa. Muna roƙon waɗanda ake bi bashi su biya kafin babban taro, inda za a saurari layukan da aka yi saɓani a kansu, a kuma zaɓi waɗanda za su duba rubutun kafin a kai shi maɗaba'a.