Fedoji tara sun yi yawa, ka fara da uku ka sauya musu layi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ƙoƙari. Na karanta wasiƙar da wani ɗan'uwa ya aiko shafinku na kiɗa kwanakin baya yana tambaya wai wace feda, wato ɗan akwatin sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, zai saya ya samu sautin nan na salon kiɗan shugez da saikedelik, ya ce yana da jita ɗaya da 'yar ƙaramar sintesaiza, sannan ya jero sunayen fedoji har guda tara da yake tara wa kuɗi. Tara fa! To ni na ɗan jima a harkar nan, na sayi na banza na sayi na kirki, har guda na taɓa ƙonawa da hannuna, shi ya sa na ce bari in sa baki, in ka ga ya dace sai ka buga masa.

Ɗan'uwa, uku sun ishe ka farawa: faz mai sa sauti ya yi kaushi da gurnani, da ribab mai sa a ji kamar a babban ɗaki kake, da ɗaya tsakanin eko mai maimaita sauti da feza mai sa shi lilo. Abin da zai ba ka sautin da kake nema shi ne wacce ka sa gaba wacce ka sa baya, yawansu ba zai ba ka ba.

Shi kansa sunan shugez, wato kallon takalmi, ai da gatse ya fara. 'Yan jaridar kiɗa na Ingila ne wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 suka riƙa yi wa masu wannan kiɗan ba'a, wai sun hau dandamali ba sa motsi ba sa kallon jama'a sai kallon takalmansu, alhali fedojin da ke ƙasa suke dubawa. Daga nan mutane suka ɗauka sai ka shimfiɗa fedoji talatin tukuna. Amma ka duba Kevin Shields na ƙungiyar My Bloody Valentine, faifansu na 1991 da kowa ke kwatance da shi, jama'a sun yi zaton jita aka jibga kan jita ba adadi, ashe mafi yawan abin a hannunsa yake, yana riƙe da sandar tiremolo, wato sandar da ke sassauta igiyoyi, ta jitarsa Jazzmaster ko Jaguar yana kaɗa igiyoyin a lokaci guda, sai sautin ya ɗan zame ƙasa ya dawo, ya zame ya dawo, kamar kaset ɗin da ya sha rana. Ribab ɗinsa na baya-baya kuwa, wato wanda ke kumbura maimakon ya dushe, daga Yamaha SPX90 yake, wanda ba ma feda ba ne, akwatin situdiyo ne. Su Slowdive su ma an san su da Yamaha FX500 da wani saiti nasa mai suna Soft Focus. Kenan in jitarka na da sandar tiremolo, ka riga ka mallaki wani yanki na sautin kyauta.

Yanzu maganar layi, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da ake koya wa kowa shi ne jita ta shiga faz, daga nan feza, daga nan eko, ribab ya zo ƙarshe. Haka ɗin daidai ne in kana son a ji kowane bugu tsaf sannan a ji kamar a babban ɗaki kake. A shugez juyawa ake yi, ribab ya riga faz. Dalili kuwa, ita faz aikinta matse sauti ne, mai ƙarfi ta danne shi, mai rauni ta ɗago shi, to jelar nan ta ribab da ya kamata ta yi ta raguwa har ta mutu sai faz ta kama ta ta ɗago ta, ba ta barinta ta mutu, bugun hannunka ya nutse ciki, abin da ya rage sai wani gurnani mai kauri da ba ka san farkonsa ba balle ƙarshensa. Ran da na fara gwada haka, da fedojin da na yi shekara biyu ina rainawa, sai da na zauna ina dariya ni kaɗai. Amma akwai kuɗin da za ka biya, in ka kaɗa igiya shida gaba ɗaya komai zai caɓe ya zama laka, don haka ka tsaya kan igiya biyu ko uku, kuma ka rage faz ɗin kaɗan, ba dole sai ka murɗa ta har ƙarshe ba. Wajen sayen ribab abu biyu zan ce ka duba, yana da na baya-baya, kuma za ka iya murɗa shi har ainihin sautin jitar ya ɓace ya bar ribab zalla. In ba ya yin waɗannan, ko sunansa ya kai ina, ba naka ba ne.

Sai faz, a nan ne mutane suka fi yin asara. Big Muff ta kamfanin Electro-Harmonix, da ta fito wajen 1969, in kana ɗaki kai kaɗai wallahi babu daɗin da ya kai nata, kauri, jan sauti, komai. Amma tana rarake tsakiyar sauti, ta bar ƙasa da sama, to da mai ganga da mai bes sun shigo sai ka neme ka ka rasa, kana ta kaɗawa kamar ba a jona ka ba. Magani shi ne ka nemi irinta mai abin murɗa tsakiya, ko ka sa wata 'yar feda mai turo tsakiyar kusa da ita. Fuzz Face ta 1966 halinta daban, tiransisto biyu ne kacal a cikinta, kuma tana jin maganar abin murɗa ƙarar jitarka, ka ɗan rage ta wanke ta yi garau, ka ƙara ta haukace, shi ya sa 'yan saikedelik ke sonta. Sai dai 'yar mulki ce, ba ta son kowa ya shiga tsakaninta da jita. Na taɓa sa tuna, wato fedar saita igiyoyi, mai bafa (wani da'irar ƙarfafa sigina) a gabanta, sautin ya koma tsiii kamar sauro a kunne, na yi wata guda ina zargin fedar har na kusa sayar da ita, ashe laifina ne. Kuma masu tiransiston jamaniyam suna sauya hali da zafi da sanyi, abin da ka saita da safe ba lallai ka same shi da rana ba, in ba ka son wannan ciwon kai ka ɗauki ta silikon. In kuma guda ɗaya tak za ka iya saya ta yi maka duka biyun, ni RAT zan ce, ta kamfanin ProCo, tun 1978 take, ba ta ɓacewa cikin taro, kawai ka sani abin murɗa filtarta a juye yake, in ka yi dama rage kaifi yake yi.

Saikedelik shi motsi yake so, sautin ya riƙa juyawa kamar hajijiya. Uni-Vibe da aka ƙera a Japan a 1968, wadda Jimi Hendrix ya taka a Woodstock a 1969, ɗan ƙwan lantarki ne a cikinta yana haske yana dushewa, da idanu huɗu masu jin haske kewaye da shi, shi ya sa lilonta ba ya tafiya daidai wa daida, yana da ɗan ɗingishi kamar bugun zuciya. Phase 90 ta MXR, 1974, abin murɗawa ɗaya gare ta, ba ruwanka da dogon tunani. Small Stone kuma ita ce kake yawan ji wajen Kevin Parker na Tame Impala. Nan ma layi ne, feza kafin faz tana yin laushi ta shige ciki, bayan faz kuwa fitowa take fili tana shuuu kamar jirgi zai tashi. Gwada duka, minti biyu ne.

Eko kuwa, na da ɗin da ake marmari, Binson Echorec na Italiya da Pink Floyd suka yi amfani da shi faifan ƙarfe ne mai maganaɗisu ke juyawa a ciki, Space Echo na Roland na 1974 kuma tef ne, kowane maimaici yana ƙara dushewa yana ƙara datti. Fedojin eko na dijital da suka fara da Boss DD-2 a 1983 su maimaicinsu fes yake. Ga gwajin da nake yi wa kowane eko kafin in ba da kuɗi: in murɗa fidbak, wato abin ƙara yawan maimaici, har ya fara kuka da kansa, sannan in murɗa na tazarar lokacin maimaicin. In sautin ya lanƙwashe ya yi sama ya yi ƙasa, to ya ci jarrabawa, in ya yanke ko ya yi ƙaf-ƙaf, sai in ajiye musu abinsu.

Mu zo kan sintesaiza, wadda na ga ba a cika yin maganarta ba. Ita sautin da take fitarwa ya fi na jita ƙarfi sosai, yawancin fedoji kuma don jita aka yi su, in ka jona ta a cike sai ka ji ribab mai tsada yana fashewa ka ce ya lalace. Rage ƙarar sintesaizar zuwa rabi ko ƙasa da haka tukuna, ka ƙara a can gaba. Wasu fedoji kamar Space ta Eventide suna da ɗan makunni a baya na zaɓar jita ko sauti mai ƙarfi irin na sintesaiza, su Moogerfooger da Bob Moog ya fito da su a 1998 kuwa dama da sintesaiza a rai aka yi su. Faz ba ta da wani babban aiki a nan, don sintesaiza ba ta bukatar a ja mata sauti, muddin yatsanka na kai tana yi, kuma in ka danna maɓalli uku huɗu cikin faz rikicewa suke, sai dai ɗaya-ɗaya. Feza mai tafiyar hawainiya da dogon ribab su ne abokanta. In tana da mafita biyu, hagu da dama, ka nemi ribab mai mashiga biyu don kada faɗin ya tsuke, kuma ka duba ko tana da koras nata a ciki, wato abin da ke sa sauti ɗaya ya zama kamar da yawa, irin na sintesaizar Juno-60 kafin ka sayi wani. Fedojin nata ka ɗora su kan tebur inda hannunka zai kai, murɗawar ita ma kiɗa ce, sai dai kai ba za a ce maka mai kallon takalmi ba kenan.

Wuta kuma kar ka raina ta. Yawanci 9V ne, tsakiyar filogin negetif, amma ba duka ba, ka karanta jikin fedar. Ni adaftar 18V na cusa wa wata eko cikin sauri, ƙauri kawai na ji, shi kenan. Manyan ribab na dijital suna iya neman 300mA, faz kuwa 'yan kaɗan ne, batir ɗaya sai ya yi mata watanni, kuma in ka haɗa su duka a waya ɗaya mai rassa za ka riƙa jin ƙugi, tsofaffin faz na jamaniyam ma wutarsu a juye take, ba sa haɗa waya da kowa.

In kuɗi sun yi kaɗan akwatin nan mai haɗa aikin fedoji da yawa a wuri ɗaya ba abin kunya ba ne, sharaɗi ɗaya, ya yarda ka jera su yadda kake so. Bidiyoyin YouTube kuma ka yi hattara, da amfilifaya mai kyau da makirfo mai kyau aka ɗauke su, an ce gani ya kori ji amma a wannan harkar ji ne ke korar gani, ka je da jitarka ka ji da kunnenka. Kunnen ma ka saya masa abin toshewa, My Bloody Valentine da kansu raba shi suke yi wa 'yan kallo a ƙofa.

Abin da bai faɗa mana ba a wasiƙarsa shi ne wace amfilifaya gare shi, don in 'yar ƙarama ce mai saurin shaƙewa to Big Muff ta fita daga lissafi tun yanzu. Ya rubuto ya faɗa, ranka ya daɗe, in Allah ya yarda zan amsa masa.

Naka,
wani mai kaɗa jita da ba ya barin jaridarku ta wuce shi.