Zuwa ga ɗana, a kan batun nauyin jikinka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, na rubuto maka ne domin duk lokacin da na ɗauko maganar nan a waya sai ka kashe ta da dariya.

Tun da ka tashi daga Agege ka koma Ajah ban sa ka a ido ba sai ranar sunan ɗiyar ƙanwarka, kuma abin da na gani ya hana ni barci, domin bene hawa ɗaya kawai ka hau kana haki. Mahaifiyarka ta ce nauyinka ya kai kilo 92, kana murna wai hutu ne ya zo. Na kai maganar wurin likitan da ke duba ni, ya nuna mini lissafin da suke kira BMI: a ninka tsawon mutum na mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Tsawonka mita 1.70 ne, lissafinka ya tashi kusan 32. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga.

Na san za ka ce lissafin ba ya bambance tsoka da kitse, kuma gaskiyarka ne, domin 'yan dakon albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas suna iya haura 25 alhali ba su da tumbi. To amma kai wane buhu kake ɗauka? Safiya a cunkoson titin Lekki, yini a kan kujera, dare kuma tsire da lemon kwalba. Ka ari abin awon tela ka auna cikinka, domin ga namiji, idan ya wuce santimita 102 hatsarin ya yi girma.

Ba na so in sake ganin abin da na gani a kan Baffanka. Kai ka riƙe masa buta shekara biyu bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ka fi kowa sanin yadda ƙarshensa ya kasance. Na ga cikinsa yana ƙaruwa na yi masa kara, har yau ina cizon yatsa, kuma kai ba zan yi maka irin wannan karar ba, ko da za ka ji haushina.

Ka je a auna jininka da sugan jikinka kafin watan nan ya ƙare, sannan ka zo gida da takardar mu duba tare. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka